Filin Sana'a: Sandar Waldar Alminiyom

Ƴan'uwa manoma, lokacin noman rani ya kama. Daga Galmi zuwa Jiratawa injinan ban ruwa na ta kuka a cikin garake. Gangar jikin famfon yawancinsu da alminiyom aka zuba ta. Idan ta faɗi daga amalanke ta tsage, sai a nufi wurin mai walda. Wani ya like, kwana 3 ruwa ya sake tsiyaya, albasa na ƙishi. Sau da yawa laifin na sandar da aka narka ne, wadda masu sana'a ke kira baget.

Alminiyom ba halinsa ɗaya da baƙin ƙarfe ba. Ruwa na tafasa a digiri 100, alminiyom na narkewa a digiri 660. Amma yana da wata fata siririya da iska ke yi masa, ido ba ya ganinta, ita kuwa sai zafi ya haura digiri 2.000 take narkewa. In ba a kawar da fatar nan ba, sanda za ta narke ta kwanta bisa, ba ta kama ba. Shi ya sa gwani ke wanke mai da datti, ya goge bakin tsagar da buroshin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda bai taɓa gogar baƙin ƙarfe ba. In da wutar gas yake aiki, sai ya sa hodar da ke cinye fatar. Wani abu kuma, alminiyom ba ya yin ja kamar ƙarfen maƙera. Yana nan fari fat, sai kawai a ga ya zube. Mai gaggawa rami yake ƙarawa.

To, sandunan ba iri ɗaya ba ne. Kowace da lambarta a jikin kwali. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranarsa: ya karɓi kwalin ya duba da idonsa.

Mai lamba 4043, a wani kwalin AlSi5, tana da silisiyom kashi 5 cikin 100. Tana gudu kamar ruwa, ba ta cika tsagewa ba in ta huce. Ita ce ta kayan zubi: jikin famfo, murfin injin babur, har tukwanen da ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai. Mai walda na ƙauye da ba ya iya ajiye iri-iri, ita ya kamata ya riƙe. Mai lamba 5356, ko AlMg5, manyeziyom gare ta kashi 5. Ta fi ƙarfi, amma ba a so a sa ta inda zafi ke daɗewa sama da digiri 65. Tsani da ƙofa sun dace da ita, kan injin bai dace ba.

Akwai kuma wata mai sauƙin narkewa, wajen digiri 400, wadda zinki ya fi yawa a cikinta. Tana toshe ƙaramar huda, gaskiya ne. Amma jikin kayan ba ya narkewa ya haɗe da ita, manne ne kawai. Kada a biya ta kuɗin walda a wurin da injin ke girgiza. Dalma kuwa kada ta kusanci tukunyar abinci, guba ce, yara ta fi yi wa lahani.

Bayan an gama, in an sa hoda, a wanke wurin da ruwan zafi da buroshi, don saurarta na jan laima ta ci ƙarfen. A bar kayan ya huce da kansa, ban da tsomawa cikin ruwan sanyi. Kafin a koma garka, a toshe bakin famfon, a cika shi da ruwa a gaban mai walda, a duba ko yana zufa.