BORIS ƊIN BABUR: WA YA JEFA TALAKA CIKIN WANNAN TSADA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku dubi boris ɗin da ke cikin ƙafar babur. Bai cika tafin hannu ba, amma in ya mutu babur ya tsaya, in babur ya tsaya tukunyar gida ta tsaya. Babur ɗin da ke ratsa turɓaya da taɓo yana kai tumatir da hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa, shi ne jakin talaka na zamani. Ƙura da ruwa suna cinye giris, boris ya ci kansa, ƙafa ta fara rawa tana ƙara. Wanda ya yi biris da ita, wata rana ta ƙage a guje ta jefar da shi.

To, shin me ya sa abin ya yi tsada haka? Saboda daga ƙetare ake kawo shi, da dala ake saye. A watan Mayu 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa bai ƙirƙiro wannan ba, shi ma ruwan ya ci shi. Tun 1979 aka ɗora aikin ƙarfe na Ajaokuta, yau shekara fiye da 40 ba a narka tama an fid da ƙarfe ba. Ƙasar da ba ta yin ƙarfenta, ina za ta ƙera boris?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsada ta buɗe wa jabu ƙofa. Ana buga sunan SKF ko NSK ko Koyo a kwali, ciki kuwa ƙarfen banza. Talaka ya biya kuɗin na gaske, ya sake biyan makaniki. Ina Hukumar SON da aka kafa don tantance ingancin kaya? Muna so a tare jabu a tashar jirgin ruwa, ba a zo ana razana mai ɗan teburi ba.

Kafin a ji kukanmu, ga abin da za mu yi wa kanmu. Boris ba na Boxer ko Jincheng ba ne, lamba gare shi a jikinsa. Mai lamba 6301 raminsa milimita 12, mai 6202 kuwa 15, ko wane kamfani ya yi shi. Ka ɗauki tsohon ka tafi da shi, ka tambaya da lamba, kada a ce maka sai na kamfanin babur. Mai bin hanyar ƙura ya nemi mai alamar 2RS, wato mai murfin roba ta fuska biyu. Makaniki ya doki zoben waje in yana sa shi, dukan zoben ciki yana kashe sabo tun ran farko. Mai wankin babur kuma ya daina harba ruwa a cibiyar ƙafa.

Ƙungiyoyin masu babur su haɗa kuɗi su sara da kwali daga dila amintacce. Araha ba ta ado, amma tsadar da sakaci ya jawo ba ƙaddara ba ce. Ran zaɓe ku tambaye su: ina ƙarfenmu?