RUFA WA MAI FYAƊE ASIRI BA ADDINI BA NE

'Yan'uwa matasa, mun iya ɗaga murya a kan azzalumin da ke riƙe da bindiga. To, ina labarin azzalumin da ke layinmu?

Daga Hayin Dogo zuwa Kwangila har kasuwar Sabon Gari, kowa ya san yadda ake yi. Ƙato ya kira 'yar talla cikin shago da sunan zai sayi gyaɗa, ya keta mata haddi. Dattawa su taru a zaure, a ce a rufa asiri, a miƙa wa uba 'yan kuɗin magani, magana ta mutu. Yarinya na kwance da ciwo, shi kuwa gogan yana sahun gaba a masallaci!

Sannan a koma tuhumar wadda aka zalunta: me ta saka, me ya kai ta shagonsa? Ku buɗe Suratun Nur. Maza aka fara umarta da runtse ido a aya ta 30, kafin a zo kan mata a aya ta 31. Wa ya ba mu izinin tsallake tamu ayar?

A watan Satumba 2020 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya sa hannu a dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Amma doka ba ta kama wanda unguwa ta ɓoye.

A nan Sabon Gari Hajiya Gambo Sawaba ta rayu. An yi mata aure tana shekara 13, ta sha duka da ɗauri saboda NEPU, amma ba ta yi shiru ba har ta rasu a 2001. Mace ɗaya ke nan. Mu kuma da muke kiran kanmu 'yan gwagwarmaya, tsoron ɓacin ran maiunguwa ya ɗaure mana baki.

Saboda haka idan abin ya faru, a garzaya da ita asibiti, ko na Ƙofar Gayan mai sunan Hajiya Gambo ko mafi kusa, kafin awa 72 su cika, domin a cikinsu ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. A kai ƙara. Kada a ɗauki doka a hannu, kada kuma a zauna sulhun zaure. Sunan yarinya shi ne abin rufewa.

Wanda ya ɓoye azzalumi abokin tarayyarsa ne. Allah Ya isar wa raunana. Wassalam.