A Faɗaɗa Hanya, Amma Kada A Take Zango



Duk wanda ya bi hanyar Ankara zuwa Kumasi a 'yan shekarun nan ya ga jan fenti. Ana ganinsa a bangon shago, a jikin kwantena, wani lokaci har a katangar masallaci: gicciye, da kibiya, da wata lamba. Matafiyi yakan kalla ta tagar mota ya wuce. Mai wurin kuwa, daga ranar da aka shafa fentin nan barcinsa ya ragu, domin ma'anarsa ɗaya ce: hanya za ta ci nan.

Goggona ta shekara fiye da talatin tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, a wani gari da ke kan wannan hanya. Da rumfar kwano guda da benci biyu ta raini 'ya'ya biyar. Wata safiya ta fito da tukunyarta ta tarar da fentin a jikin ginshiƙin rumfa. Da masu ƙidaya suka zo, sun auna gine-ginen bulo, sun rubuta sunayen masu takarda, ita kuwa aka ce rumfarta a filin hanya take, don haka ba ta cikin lissafi. Mai gidan da take rakuɓe a gabansa ma bai tsira ba, domin kakansa da baki ya karɓi filin daga hannun sarkin gari, ya kai gaisuwa, aka yi addu'a aka watse, ba a rubuta komai ba. Yau Goggo tana nan da rai, tana dama kokonta a cikin lungu, inda direba ba ya ganinta.

Kada wani ya ɗauka ina adawa da faɗaɗa hanya. Ina cikin masu roƙon Allah Ya nuna mana ranar da za a gama ta. Tsakanin Ankara da Kumasi wajen kilomita 250 ne, tafiyar da bai kamata ta wuce awa huɗu ba, amma sau nawa muka bar tasha da hantsi muka isa bayan magariba? A kan wannan kwalta manyan motocin da suka yi lodi a tashar jiragen ruwa ta Tema suke bi zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar. A kanta buhunan albasa suke saukowa daga arewa zuwa kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021. Motocin shanu, da na doya, da na tumatir, da bas-bas na fasinja, da ƙananan motoci, duk a wurare da yawa layi ɗaya suke rabawa da masu tahowa. Direba ya gaji da bin bayan tirela a kan tudu, ya leƙa, ya fita don ya wuce, sai a yi gaba da gaba. Ba mu manta da Kintampo ba, can gaba a kan hanyar Tamale: a watan Fabrairun 2016 bas ta yi karo da motar tumatir, fiye da mutum 50 suka rasu, a watan Maris na 2019 kuma bas biyu suka haɗu, aka sake rasa fiye da 50. Waɗanda ke tuƙa motocin nan, da yaran mota, da 'yan kasuwar da ke zaune a kan kaya, da yawansu 'ya'yan Zango ne. Hanya mai tagwaye, wadda ta raba masu zuwa da masu dawowa, rayukanmu za ta fara ceta.

Abin da nake cewa shi ne, mu ne muka fi kowa zama a bakin hanya, don haka mu aikinta yake fara taɓawa, kuma mu ne ba a cika jin muryarmu ba lokacin da ake zana ta.

Sunanmu ma daga hanya ya fito. Zango shi ne inda ayari yake sauka ya kwana, a sauke wa jakuna kaya, a hura wuta, da asuba a yi gaba. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, suna komawa da goro. Salaga ta zama babban birni ne saboda hanyar ta bi ta cikinta. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara sauya hanya, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa watsa jama'a zuwa Kete Krachi da Kintampo da Atebubu da Kumasi da Ankara. Ko bayan haka babbar hanyar mota zuwa arewa ta Yeji da Salaga take bi. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika, ya cinye tsohuwar Kete Krachi, ya faɗaɗa mashigin Yeji, sai zirga-zirgar ta koma ta Kintampo da Buipe. Wanda ya je Salaga yau, ya ga tsofaffin rijiyoyinta da shirun kasuwarta, ya san abin da kan sami gari idan hanya ta juya masa baya. Tarihinmu a ƙasar nan ya sha nuna mana cewa alƙalamin mai zana hanya yana iya raya gari, yana iya kashe shi.

Abubuwa uku ne suke damuna game da ayyukan da ake yi yanzu, daga aikin Ofankor zuwa Nsawam, zuwa hanyoyin kewaye na Osino da Anyinam da Enyiresi da Konongo, zuwa sabuwar babbar hanyar Ankara zuwa Kumasi da gwamnati ta yi shelarta a 2025.

Na farko shi ne takarda. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 20, ya ce idan gwamnati za ta karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a, dole ta biya shi diyya ta adalci, wadatacciya, ba tare da jinkiri ba. Ya ƙara da cewa idan karɓar ta kai ga tayar da mutane, a sake tsugunar da su a wurin da ya dace, tare da la'akari da hanyar cin abincinsu da al'adunsu. Magana ce mai kyau ƙwarai. Sai dai mai auna diyya takarda yake tambaya, mu kuwa yawancin gidajenmu na gado ne, an raba ɗakuna tsakanin magada goma ko fiye, babu wanda ya je ya yi rajista da sunan kowa. Ga kuma 'yan haya, waɗanda su ne mafi yawa a kowane Zango. Idan an biya mai gida kuɗin gininsa, tela da mai aski da mai shayi da suka shekara ashirin suna tara masu ciniki a ƙofar gidan fa? Su hannu rabbana suke tashi.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: da yawa daga cikinmu a filin da aka keɓe wa hanya muka kafa rumfuna. Haka ne. Wasu ma sun ga alamar safiyo da idonsu suka ɗora bulo a kai, suna cewa kafin gwamnati ta zo an daɗe. Wannan ganganci ne, kuma bai kamata a ɗaure masa gindi ba. Amma mace irin Goggona, wadda aka shekara talatin ana yankar mata tikitin haraji a wannan rumfar, ba ɓarauniyar fili ba ce. Hukumar da ta san da ita ranar karɓar haraji ya kamata ta san da ita ranar rushewa, ko da ba da kuɗi ba, a nuna mata inda za ta koma ta ci gaba da neman halalinta.

Na biyu shi ne tsallakawa. Hanya mai layi shida ko takwas, idan ta ratsa tsakiyar unguwa, kogi ce. Gida yana wannan gaɓa, makaranta da masallaci da kasuwa suna waccan. Mutanen Madina ba sa bukatar a ba su labari. Garin da kansa a 1959 aka kafa shi, bayan an tayar da jama'ar Alhaji Seidu Kardo daga Shiashie kusa da filin jirgin sama. Bayan shekaru aka faɗaɗa titin da ya bi ta Madina zuwa Adenta, motoci suka samu sarari suna gudu, gadojin sama guda 6 na masu tafiya a ƙafa kuwa aka bar su ba a gama ba shekara da shekaru. Mutane suka yi ta mutuwa wajen tsallakawa. Sai a watan Nuwamban 2018, da mota ta kashe wata ɗaliba 'yar sakandare, jama'a suka fito suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sannan aka koma aikin gadojin. Kuɗin da aka samu bayan zanga-zangar, da ma ana iya samunsa kafin yarinyar ta mutu. Haka aka sha fama a Lapaz bayan buɗe titin Tetteh Quarshie zuwa Mallam a 2012. Darasin a fili yake: kada a buɗe wa mota hanya sai an gama wa mai ƙafa tasa, kuma a gina gadar a inda mutane suke tsallakawa da ma, da gangare maimakon matakala zalla, don tsoho da mai keken guragu da mai ɗauke da tire a ka. Mu ma da namu laifin. Inda aka gama gada, a hau ta. Saurayi mai ƙarfi ya tsallake shingen tsakiya da gudu alhali ga gada a kansa, yara kuma suna kallo, gobe su ma za su gwada.

Na uku shi ne ciniki. Hanyar kewaye alheri ce ga matafiyi, ga garin da aka kewaye kuwa jarrabawa ce. Nsawam ta yi suna da burodi saboda kowace mota sai ta ratsa ta cikin gari. Da aka buɗe hanyar kewaye, masu talla suka kwashi kayansu suka bi motocin can, suna gudu a gefen kwalta inda ba a tanadar musu wurin tsayawa ba. Haka Nkawkaw ta gani. Yanzu ga Konongo da Anyinam a kan layi, kuma sabuwar babbar hanya, idan ta tabbata, garuruwa da dama za ta bari a gefe. Mai tsire, da mai wake da shinkafa, da mai facin taya, da makanike, da mai sayar da goro a tasha, abincinsu yana tare da motar da ta tsaya. Abin da ya kamata shi ne a sa wuraren hutawar matafiya cikin zanen tun farko, da filin ajiye manyan motoci, da rumfuna, da banɗaki, da wurin salla, a kuma fara bai wa waɗanda aikin ya tayar. Wannan ma wani zango ne irin na zamani, kuma babu wanda ya fi mu sanin yadda ake riƙe shi.

To, mene ne namu? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da katafila ta iso, magana ta riga ta ƙare. Lokacin magana shi ne lokacin da ake kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin a fara aiki, taron da akan yi a zauren majalisar gunduma da rana tsaka, mu kuwa muna kasuwa, sai daga baya mu ce ba a gaya mana ba. Ina roƙon sarakunanmu na Zango, Allah Ya ja zamaninku, ku sa a riƙa sanar da irin wannan taro a masallaci bayan Juma'a kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure. Ku tafi da matasanmu da suka karanta aikin lauya da safiyo da injiniya, domin muna da su, su duba taswira su gaya mana da Hausa inda layin ya bi. A rubuta sunan kowane mai rumfa da ɗan haya, da shekarun da ya yi a wurin, da hoto, kafin kowa ya zo ƙidaya. Magada kuma su daure su zauna su yi wa gidan gado takarda tun ana shiri da juna. Asusun raya Zango da aka kafa da doka a 2017, da zai ɗauki nauyin taimaka wa unguwanninmu da rajistar filaye, da ya yi mana aikin da jikoki za su gode masa.

Idan 'yan siyasa suka zo gaisuwar Salla da buhunan shinkafa da rago, a karɓa a yi godiya, sannan a zaunar da su a tambaye su: ina gadar masu ƙafa za ta tsaya? Yaushe za a biya diyya, kafin rushewa ko bayanta? Ina aka tanadar wa matan bakin titi? A nemi amsar a rubuce, domin alkawarin baki shi ya kai mai gidan Goggo inda yake yau.

Ku da kuke Konongo da Nkawkaw da Suame da Ashaiman da Techiman, ku gaya mana halin da ake ciki a wajenku. An shafa fenti? An kira taro? An biya wani?

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.