A Bar Yaro Ya Gama Magana Kafin A Gyara Masa

 A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Yaro yakan yi shekara 6 a firamare, ya ƙara 6 a sakandare, kullum da littafin Turanci a jaka. Amma ran da aka tsayar da shi aka yi masa tambaya guda da baki, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Ba daƙiƙi ba ne. Ba a saba masa da buɗe baki ba ne kawai.

Ku dubi jarrabawar WAEC ma. A nan Nijeriya akwai takarda ta uku a Turanci wadda ake kira gwajin furuci, amma tambayoyi 60 ne na canki-canka da ake amsawa da fensir cikin minti 45. Wato ɗalibi yana iya cin gwajin furuci da kyakkyawan maki alhali ko uffan bai ce ba. To, ina amfanin baɗi ba rai? Ranar da zai tsaya gaban masu ɗaukar aiki, ko masu ba da tallafin karatu, ba fensir za a miƙa masa ba. Tambaya za a yi masa, a zuba masa ido.

Misalin irin wannan rana shi ne jarrabawar IELTS, wadda aka fara a shekarar 1989, wadda kuma jami'o'in Ingila da Ostireliya da Kanada da sauransu sukan nema daga ɗalibin da zai je karatu can. Ma'aikatan jinya masu neman aiki a waɗannan ƙasashe su ma da yawa ita suke yi. A cikinta akwai ɓangaren magana, inda ɗalibi zai zauna shi da mai jarrabawa na tsawon minti 11 zuwa 14. Da farko za a yi masa gajerun tambayoyi a kan rayuwarsa ta yau da kullum. Sannan a ba shi wani batu a rubuce, ya yi tunani na minti 1, ya yi magana har zuwa minti 2 ba tare da an katse shi ba. Daga ƙarshe a tattauna da shi a kan batun, a zurfafa. Abubuwa huɗu ake aunawa: gudanar maganarsa da haɗuwarta, yawan kalmomin da ya sani, nahawunsa, da kuma furucinsa. Maki mafi girma shi ne 9.

Daga cikin batutuwan da masu shirin wannan jarrabawa suka fi yin atisaye a kansu akwai wuraren shaƙatawa, abin da Bature yake kira “park”. Kana son zuwa irin wannan wuri? Akwai shi kusa da gidanku? Me mutane suke yi a can? Kana zuwa lokacin da kake ƙarami? Tambayoyi ne masu sauƙi a ido, amma na zaɓe su ne domin duk matsalarmu tana cikinsu.

Tun daga kalmar ma akwai tarko. A Turancin da muke ji a titi, in an ce “park” tashar mota ake nufi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro ya soma ba da labarin 'yan kamasho da motocin Zariya, alhali shi mai tambaya lambu yake nufi, wurin da aka tanada a cikin gari mai ciyawa da itatuwa da bencina, inda jama'a suke zuwa shan iska, kamar Millennium Park da ke Maitama a Abuja, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 2003. Akwai kuma ma'ana ta uku, wato gandun daji, irin su Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, mai giwaye da ruwan ɗumin nan na Wikki. Kalma ɗaya, ma'ana uku. Wanda bai taɓa amsa tambayar da baki a gaban wani ba, yaushe zai gane ya kauce hanya?

Da yaro ya ga haka, sai ya nemi hanya mai sauƙi, wato hadda. Ya samo amsar da wani ya rubuta a littafi ko a intanet, wadda take ba da labarin wani lambu a Landan mai tabki da agwagi, ya haddace ta tsaf. A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, musamman ku 'yan Islamiyya da Allah Ya hore wa kaifin hadda. Hadda tana da muhallinta, kuma kun san shi. Amma hira ba hadda ba ce. Masu jarrabawa an horar da su su gane amsar da aka haddace, kuma ba ta jawo maki. Da zarar an ɗan karkata tambayar, aka ce to me ya sa tsofaffi suka fi matasa son irin wurin, shi ke nan, sai igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya.

A nawa ra'ayin, yaro ya faɗi abin da ya sani, shi ya fi. Ba kyawun lambun ake ba maki ba, maganar ake ba. In babu lambu a unguwarku, ka ce babu, sannan ka faɗi inda kuke zuwa. Akwai filin ƙwallo na bayan makaranta. Akwai gindin darbejiyar da dattawa suke shimfiɗa tabarma da la'asar. Akwai dandali. Yaran Kano da yawa sun je gidan zu na Audu Bako ranar Sallah, sun ga zaki da jimina, sun sha rake, wani ma ya ɓace cikin taro sai da aka yi cigiya. Wannan duk abin faɗa ne, kuma tun da yaro ya gani da idonsa, ko ta ina aka juya tambayar zai sami abin cewa. Gani ya kori ji.

Kuma amsar ba ta buƙatar tsawo. Ƙafa uku ne da ita kamar murhu: ka amsa, ka kawo dalili, ka ba da misali. In an ce maka “Do you like going to parks?” kada ka ce “Yes” ka ja bakinka ka tsuke. Ka ce e, kana so, saboda akwai inuwa da iska mai daɗi, kuma a Sallar da ta wuce kun je gidan zu da ƙannenka. Jimla biyu ko uku sun wadatar. Shawarata ma ita ce, tun kana gida ka fara tambayar kanka da Hausa: me nake da shi na faɗa a kan wannan? Wanda ba shi da abin cewa da harshen uwarsa, Turanci ba zai ƙirƙiro masa ba.

To, yanzu mu zo kan gyara, domin nan ne gizo yake saƙa. Atisaye ba tare da mai gyara ba, maimaita kuskure ne har ya zama jiki. Amma gyaran da ba a iya ba ya fi rashin gyara illa. Yaro ya buɗe baki ya ce “fark”, aji ya kwashe da dariya, a laƙaba masa suna har ya gama makaranta. Wannan yaron ba zai sake ɗaga hannu ba. Haka nan a gida, Yaya ya ji ƙanwarsa tana gwadawa, maimakon ya taimaka sai ya riƙa kwaikwayonta. Da yawa daga cikin masu cewa ba su iya Turanci ba, dariya ce ta rufe musu baki.

Na farko dai, a bar yaro ya kai aya. Kada a katse shi a tsakiyar jimla, domin wanda ake tarewa kowace kalma ba zai taɓa koyon gudu ba. Mai saurare ya riƙe kuskuren a ransa ko ya rubuta a takarda.

Na biyu, a fara da abin da ya yi daidai, kuma a ambace shi da sunansa. “Ka yi ƙoƙari” ba ta koya wa kowa komai. Amma in ka ce, “Na ji daɗi da ka kawo dalili, ka ce saboda inuwa,” to gobe ma zai kawo dalili.

Na uku, kuskure ɗaya ko biyu kawai za a ɗauka a zama guda, kuma a bayyana masa daga ina kuskuren ya fito. Ga misali. Yaro zai ce “Last Sallah we go to the zoo”, alhali “went” ya kamata ya ce. Me ya jawo? A Hausa mukan ce mun je, za mu je, mukan je. Kalmar “je” tana nan yadda take, abin da ya zo kafinta ne yake nuna lokaci. Shi kuwa Turanci, kalmar aikin ce da kanta take sauya kama. Yaron ba shirme ya yi ba, ƙa'idar Hausa ya ɗora wa Turanci. In aka nuna masa haka, ya daina jin kunya, kuma gyaran ya zauna.

Haka batun “p” da “f” yake. Hausa harafi ɗaya gare ta a wannan wuri, kuma da leɓɓa biyu muke furta shi, shi ya sa muke cakuɗa su. A Turanci kuwa “pan” daban, “fan” daban. Wajen furta “p” leɓɓa biyu suke haɗuwa su rufe ruf, sannan iska ta fashe. Wajen “f” haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarewa. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce “park”. In ta yi tsalle, ka dace. Ku da kuka zauna gaban Malam kuka koyi mafitar haruffa a darasin tajwidi, har kuka rarrabe sadun da sinun, wannan ai ba zai gagare ku ba. Wannan horon na kunne da harshe jari ne da yara da yawa ba su da shi.

Na huɗu, bayan gyara a sake yi masa tambayar nan take, ya sake amsawa. Gyaran da ba a maimaita ba, kafin gobe ya bi iska. In akwai waya a gidan, a ɗauki muryarsa a karo na farko da na biyu, a kunna masa ya ji bambancin da kunnensa. Sau da yawa ma shi zai riga ka gano inda ya yi tuntuɓe.

Na san wani zai ce, “Malam, mu da ba mu da niyyar zuwa Ingila, ina ruwanmu da wannan?” Gaskiya ne, ba kowa ne zai yi IELTS ba, kuma kuɗinta ma ba kaɗan ba ne. Amma Turanci shi ne harshen aikin gwamnati da jami'a a ƙasar nan. Yarinyar da za ta shiga makarantar koyon jinya za ta yi bayani a gaban malamai da baki. Saurayin da ya je neman aiki za a ce ya gabatar da kansa. Ya kamata a ce an ƙi ɗaukar ɗanmu don wani ya fi shi sani, ba don ya kasa faɗin abin da ya sani ba. Kuma koyon wannan ba ya rage wa Hausa ko Larabci komai. Ba na goyon bayan a ci yaro tara ko a doke shi don ya yi Hausa a makaranta. Tsoro ba ya koyar da harshe, sabo ne yake koyarwa.

Wani uban kuma zai ce shi bai yi boko ba, yaya zai taimaka? Baba, taimakonka yana da yawa. Ka ware musu minti 10 bayan cin abincin dare. Babba ya tambayi ƙarami, gobe a juya. Kai kuma ka zama alƙali mai hana dariya. In sun gama, ka ce yaron ya faɗa maka da Hausa abin da ya ce. In labarin ya yi ma'ana a kunnenka, to rabin aikin ya yiwu. Inna ma tana iya yin haka tana tsinken zogale. Yaro in ya ga iyayensa sun ba abu muhimmanci, shi ma zai ba shi.

Ga malamanmu kuwa, roƙona shi ne a riƙa raba yara biyu-biyu ko da sau ɗaya a mako, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa, kamar yadda ake yi a darasin muhadasa na Larabci. Aji mai yara 60 ba zai yiwu Malam ya saurari kowa ba, amma in an raba su, kowa zai yi magana kafin a buga ƙararrawa.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin wannan mako. Ku ɗauki tambayoyin nan huɗu na wurin shaƙatawa, kowace rana guda ɗaya. Ku amsa da ƙarfi, ba a zuci ba, a gaban wanda zai gaya muku gaskiya. In an gyara muku kada ku yi fushi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mako mai zuwa ku sauya batu, ku ɗauki kasuwa, ko damina, ko abincin da kuka fi so. Da koyo akan iya.

Allah Ya buɗa mana ƙirazanmu, Ya warware ƙullin harsunanmu, Ya yi wa karatunmu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.