Ina Ruwan Ɗalibin Gummi da Dokar Teku?

Ruwan gulbin Zamfara da ke wucewa ta ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi yana gangarawa jihar Kebbi, ya haɗu da gulbin Sakkwato, ya faɗa Kwara, ya bi ta Yawuri da Lakwaja har ya shiga tekun Atilantika. Yawancin yaran da ke wanka da kamun kifi a cikinsa ba su taɓa ganin inda ya ƙare ba. Shi ya sa idan ɗan ajin ƙarshe na sakandare ya buɗe littafin bitar jarrabawa, ya ci karo da nassin auna fahimta a kan dokar teku ta ƙasa da ƙasa, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Malam, mu ina mu ina teku?" Malamin ma sau da yawa sai ya ce a juya shafi, a nemi nassin da ya fi sauƙi.

Uzurinsu abin a saurara ne. Yankin nan ya sha wuya. A watan Satumbar 2021 an rufe makarantun jihar saboda sace ɗalibai, an kuma katse layukan waya na tsawon makonni. A 2023 gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a harkar ilimi, bayan shekarun da bashin WAEC da NECO ya hana yara ganin sakamakonsu. Yaron da ya taso a cikin wannan hali, wanda Turancin hira ma yana yi masa nauyi, a ce ya warware maganar mil na ruwa da iyakar da ido ba ya gani, gaskiya an ɗora masa kaya.

Duk da haka kuskure ne a tsallake shafin. Kaɗan ne daga cikin nassoshin da ke littattafan nan suka shafi aljihun mutumin Anka kamar wannan.

Abin da irin nassin yakan ƙunsa ba shi da yawa. A ranar 10 ga Disambar 1982 ƙasashe suka rattaba hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta dokar teku. Nijeriya ta amince da ita a 1986, ta kuma fara aiki a duniya a 1994. Ta yanka teku kashi-kashi. Mil 12 na farko daga gaɓa, wato kimanin kilomita 22, ruwan ƙasa ne, hukuncinta ke aiki a kansa. Har zuwa mil 200, kimanin kilomita 370, tazarar da ta fi ta Gusau zuwa Sakkwato nesa ba kusa ba, kifi da mai da gas na ƙasar ne ita kaɗai, amma jiragen kowa na da damar zirga-zirga. Bayan nan sai babban teku, wanda ba na kowa ba ne, ma'adinan da ke can ƙasansa kuwa yarjejeniyar ta ce gadon bil'adama ne baki ɗaya.

To, ina kason da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum ke karɓa duk wata yake fitowa? Daga asusun tarayya, kuma wani babban ɓangare na abin da ke shiga asusun kuɗin ɗanyen mai ne, wanda ake haƙo da yawansa a cikin teku. An yi shari'a mai zafi a kan haka. A Afrilun 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa iyakar jihohin gaɓa ta tsaya ne a inda ruwa ke janyewa, don haka man da ke cikin teku ba ya shiga lissafin kashi 13 cikin ɗari da ake ba jihohi masu arzikin. Jihohin kudu suka tada jijiyar wuya. A 2004 aka yi dokar da ta mayar da ma'aunin zuwa inda zurfin ruwa ya kai mita 200. Gwamnonin Arewa suka garzaya kotu, ba su yi nasara ba. Kowane layi da aka ja a wannan taƙaddama ya ƙara ko ya rage abin da ke isowa Gusau, daga can ya kai ga albashin malamin da ke tsaye gaban allo.

Ɗan Bagega ko Dareta ko 'Yargalma kuwa yana da wata hanyar shiga zancen da ta fi wannan kusa. Ƙauyukan nan na cikin wuraren da gubar dalma daga aikin zinari ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Tambayar da ake ta yi a yankin tun lokacin, da kuma sa'ad da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 ta sake buɗewa a ƙarshen 2024, ita ce: zinarin da ke ƙarƙashin gonar mutum na wa ne? Amsar tana sashe na 44, ƙaramin sashe na 3, na tsarin mulkin 1999. Jimla ɗaya ce ta mallaka wa gwamnatin tarayya ma'adinan da ke cikin ƙasa, da waɗanda ke ruwan ƙasa, da na yankin mil 200 ɗin nan. Zinarin Anka da man da ke bayan gaɓar Akwa Ibom layi ɗaya ya ɗaure su.

Matsalar ita ce yadda ake yin bitar. A ɗauki tambaya irin wadda aka saba: me ya sa jirgin wata ƙasa zai iya bi ta cikin mil 12 amma ba zai iya jefa taru ba? Abin da ɗalibi ya koya shi ne ya sa yatsa a kan kalmar da ke cikin tambaya, ya bi nassin da ido har ya sake ganinta, ya kwafe jimlar da take ciki ɗungurungum. Wani lokaci ya dace. Da zarar an ce ya faɗa da kalmominsa, ko a tambaye shi abin da marubucin yake nufi bai furta ba, sai biro ya tsaya. Da malam zai ajiye littafin na ɗan lokaci ya ce, "Kun san burtali?", da an wuce wurin. Makiyayi na da haƙƙin bin burtali da garkensa ta tsakanin gonaki, amma haƙƙin wucewa bai ba shi izinin shiga dawar mutane ba. Duk yaron da ya girma a Bukkuyum ya san wannan bambanci, ya kuma san abin da kan biyo baya idan aka take shi. Haka dokar ta ce game da jirgin baƙo: ya wuce salin-alin, ba tare da kamun kifi ko leƙen asiri ko atisayen makamai ba. Bayan an fahimci haka da Hausa, sai a koma kan Turancin, ɗalibi ya nemo da kansa jimlar da ta ba da haƙƙin da wadda ta gindaya sharaɗin.

Gano sharaɗi a cikin rubutu shi ne ainihin gwanintar da ake nema, kuma maƙwabciya Nijar ta nuna muhimmancinsa. Ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku. Sashe na 125 na yarjejeniyar ya ba irinta haƙƙin kaiwa ga teku da ratsa ƙasashen maƙwabta da kayanta. Mai karatun gaggawa a nan zai tsaya. Amma sashen ya ci gaba da cewa ƙasashen ne za su zauna su daidaita yadda ratsawar za ta kasance, kuma ƙasar da ake bi ta cikinta tana da ikon kare muradunta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin ECOWAS ya sauka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a iyakar Binin, kayan Nijar suka maƙale a tashar Kwatano, 'yan kasuwar Illela da Jibiya da Kamba suka ji a jikinsu. A 2024 rigimar Nijar da Binin ta kai ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar Binin. Haƙƙin yana rubuce duk tsawon lokacin, sharaɗin ne ya yi aiki.

Rigimar Bakassi tsakanin Nijeriya da Kamaru ma a kan takarda aka yanke ta. Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktobar 2002 ya dogara sosai da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, kuma shi ne ya sa Nijeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30 a yankin tafkin Chadi, ciki har da Darak, inda Hausawa masunta da 'yan kasuwa ke zaune. Ta hanyar takardu da taswirori kuma Nijeriya ta samu amincewar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023 kan ƙarin kimanin murabba'in kilomita 16,300 na doron ƙasan teku. Lauyoyi da masana ne suka yi waɗannan ayyuka, kuma babu dokar da ta ce ɗan Gummi ba zai zama ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai kuma abin da nassin bai ƙunsa ba, wanda mai karatu da natsuwa zai lura da shi. Gulbi ruwan cikin gida ne, ikonsa gaba ɗaya na ƙasa ne. A Satumbar 2024, makonni kaɗan bayan ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, kwalekwale ɗauke da manoma masu tsallakawa gona ya kife, gomman mutane suka halaka. Kotun dokar teku da ke Hambug ba ta da hurumi a nan. Maganar rigar ceto da hana lodi fiye da kima tana hannun hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023, tare da gwamnatin jiha da sarakunan ruwa. Ɗalibin da ya iya rarrabe ikon wa ya kai ina, zai san ƙofar da zai buga idan ya tashi rubuta koke a madadin garinsu.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ma'aikatar ilimi ta Zamfara ba. Taswirar Afirka ta Yamma a bangon kowane ajin ƙarshe, ko da malam ne zai zana ta da alli ya ja layin mil 12 da na 200. Malaman Hausa, waɗanda su ma suna koyar da auna fahimta, su rubuta gajerun nassoshi kan gulbin Zamfara da asusun tarayya da Bakassi, a yi su a makon da malamin Turanci zai kawo nasa, da malamin labarin ƙasa a kusa. Sannan a daina ba da cikakken maki a aji ga amsar da aka kwafo kalma bayan kalma, tunda a ɓangaren taƙaitawa na jarrabawar WAEC ma kwafe irin wannan yana jawo asarar maki.