Takobi ko Kibiya: Gurbin Makaman Hausa a Wasannin Kwamfuta

Matashin Kakau, a ƙaramar hukumar Chikun, idan ya zauna gaban wasan jarumta irin su Skyrim (2011) ko Elden Ring (2022), cikin abubuwan farko da ake nema daga gare shi akwai ya zaɓa wa jaruminsa makami da salon faɗa. Zaɓin kuwa akasari irin su takubban Turai ne da na Japan da sandunan matsafa. Ta haka yake haddace sunayen makaman wasu al'ummu, alhali asigiri da barandami da kansakali sun zame masa baƙin kalmomi. Wannan giɓi ya shafi manazarta Hausa kai tsaye, domin kalmar da ta rasa wurin aiki tana kan hanyar ɓacewa.

Ƙa'idar irin waɗannan wasanni ita ce kowane makami yana da amfani, yana da kuma rauni. Tarihin ƙasar Hausa ya riga ya tanadi wannan ma'auni. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji (1390–1410). Barden da ya sha lifidi yana da kariya, sai dai nauyi na rage masa sauri. A Tabkin Kwatto, a 1804, maharban rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo, waɗanda akasarinsu 'yan ƙasa ne, sun karya dawakin Gobir. Ke nan takara tsakanin barde da ɗan baka tsohon zance ne a nan.

Dambe ma cikakken salo ne: hannun da aka naɗe da kara shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Ga kokawa, ga 'yan tauri da ake cewa ƙarfe ba ya cin su. Ta fuskar labari, Gandoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa sun isa tushe.

Wasu sun riga sun fara ɗiba. A 2021 wasan Age of Empires III ya shigo da Hausawa, da barden lifidi da Sarauniya Amina. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016 bisa al'adun Afirka. Idan masu harshen suka yi shiru, baƙi ne za su yanke yadda duniya za ta san makaman Hausa.

Akwai mai cewa yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, kamar Chikun, ba ya bukatar ƙarin zancen makami. Damuwar tana da tushe. Amma matasan suna yin wasannin ko an so ko an ƙi, kuma faɗan gargajiya yana tafe da doka: ɗan dambe ba ya dukan wanda ya faɗi, jarumi kuma yana da sarkin da yake yi wa biyayya. Wasan da ya ɗauki makamin ya bar dokar, ɓawo kawai ya ɗauka.

Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i, musamman na Zariya da Kano da Kaduna, shi ne su tattara ƙamus na makamai da salon faɗa: sunan kowane makami, siffarsa, mai riƙe shi, kirarinsa da rauninsa, daga bakin maƙera da mafarauta da 'yan dambe tun suna raye. Da shi ne mai tsara wasa zai iya miƙa wa ɗan Kakau kwari da baka da sunansu na asali.