Maleji Ba Ado Ba Ne

A 2019 motar Bugatti Chiron ta yi gudun kilomita 490 a sa'a a filin gwaji a Jamus, amma da na'ura ta musamman aka auna, domin maleji yakan yi ƙari. Ƙa'idar Turai ta yarda allura ta ɗan zarce gudun gaskiya, ba ta yarda ta gaza ba.

To, direban da ya sa tayoyi mafi girma ya juya lissafin: allura na nuna 50, iyakar cikin gari, alhali mota ta wuce haka. A Toranke ranar kasuwa, ga yara ga dabbobi a bakin hanya, wannan bambanci yana iya cin rai. Wajibi ne jami'an duba motoci na Jihar Kano su riƙa gwada maleji tamkar birki, su hana takarda ga wanda nasa ya mutu.